Jean Rouch da Kiɗan Bakin Kwara, Daga Ayoru Zuwa Birnin Ƙonni

Masuntan Sorko na bakin kogin Kwara, waɗanda danginsu da suka gangaro Kabi da Yawuri muke kira Sarkawa, suna da labarin da suke bayarwa a kan asalin kiɗansu. Sun ce kakansu Faran Maka Bote ɗan masunci ne, uwarsa kuwa aljana. An ce yana da gonar shinkafa a wani tsibiri, sai wani aljanin ruwa mai suna Zinkibaru ya riƙa zuwa da dare yana kiɗa, kifaye su taso su cinye shinkafar. Faran ya kara da shi ya rinjaye shi, ya ƙwace kayan kiɗan, kuma daga ranar, in ji su, ikon kiran iskokin kogi ya dawo hannun ɗan Adam. Wannan zancen baka ne, ba shi da shekara, ba kuma wanda zai kafa hujjar tarihi da shi. Amma yana nuna inda mutanen kogi suka ajiye kiɗa: a wurinsu abu ne mai aiki, yana kira, yana kora, yana ba da ƙarfin zuciya. Baturen da ya fi kowa daɗewa yana ɗaukar wannan kiɗa da na'ura sai da ya shekara goma sha biyu da sanin su kafin ya fahimci haka, kuma su ne suka fahimtar da shi.

Injiniyan da ya zo gina hanya, 1917 zuwa 1942

An haifi Jean Rouch a birnin Faris ranar 31 ga Mayu, 1917. Mahaifinsa, Jules Rouch, hafsan sojan ruwa ne kuma masanin yanayi, yana cikin ayarin Charcot da ya je binciken ƙarshen kudancin duniya daga 1908 zuwa 1910. Yaron ya tashi a gidan da ake hirar teku da tafiye-tafiye. Ya sha faɗa da bakinsa cewa fim na farko da ya gani shi ne Nanook of the North na Robert Flaherty, wanda ya nuna rayuwar mutanen ƙanƙara. Karatun da ya yi kuwa na gina hanyoyi da gadoji ne. Da Jamus ta auka wa Faransa a 1940, aikin farko da aka ba ɗalibin gada shi ne fasa gadoji don a tare abokan gaba. A lokacin mamayar ya riƙa zuwa gidan tarihi na Musée de l'Homme yana sauraron darussan Marcel Griaule, masanin al'adun Dogon na ƙasar Mali.

A ƙarshen 1941 ya iso Yamai a matsayin injiniyan ayyuka na gwamnatin mulkin mallaka. Kada a yi wa wannan aiki kwaskwarima. Hanyoyin da ya kula da su dubban talakawa ne suka gina su da aikin tilas, suna dakon ƙasa da duwatsu a ka, kuma ba a soke aikin tilas a ƙasashen da Faransa ke mulka ba sai 1946. Rouch ya shigo ƙasar Nijar a ɓangaren masu bulala, ko da shi kansa bai riƙe ta ba. Duk abin da ya biyo baya a rayuwarsa sai an auna shi da wannan mafari.

A Yamai ya haɗu da wani saurayi ɗan Sorko mai suna Damure Zika, ya ɗauke shi aiki. A daminar 1942 aradu ta faɗa wa ma'aikatansa a wani wuri da ake kira Gangel, ta kashe goma. Yadda Rouch ya ba da labarin, mutane sun ƙi taɓa gawarwakin, suka ce wannan aikin Dongo ne, iskan tsawa a al'adar Songai da Zabarmawa. Damure ya ce kakarsa Kaliya ce ta san abin yi. Tsohuwar ta zo da mai goge da masu kaɗa ƙwarya, aka yi abin da a ƙasar Hausa za a kira bori, su kuma suna ce masa holle. Rouch ya tsaya yana kallo, ya rubuta abin da ya gani, ya aika wa Griaule. Mafi yawan abin da aka sani game da wannan rana daga bakin Rouch da Damure ya fito, sun kuma maimaita shi shekara da shekaru har ya yi santsi, don haka a riƙe shi a matsayin shaidar waɗanda abin ya faru a gabansu. Abin da babu shakka a kansa shi ne, kafin shekarar ta ƙare gwamnan Nijar mai biyayya ga gwamnatin Vichy ya kore shi zuwa Dakar bisa zargin goyon bayan Janar de Gaulle. A can Théodore Monod, shugaban cibiyar bincike ta IFAN, ya tsaya masa. Daga nan ya shiga soja, bai tuɓe kaki ba sai da yaƙi ya ƙare a 1945.

Kwale-kwale da kyamara, 1946 zuwa 1951

A 1946 ya dawo tare da abokansa biyu na makaranta, Jean Sauvy da Pierre Ponty, da niyyar bin Kwara tun daga mafarinsa a tsaunukan Gini har inda ya faɗa teku a Nijeriya, tafiyar kilomita sama da 4,000. Sun yi kusan wata tara. Sun ratsa ƙasar Yawuri da Busa da Lakwaja, kuma daga abin da ya gani a wannan yanki ne Rouch ya buga maƙala a 1950 a kan Sarkawa, masunta masu yawo da jirage a tsakiyar kogin.

Ya zo da wata ƙaramar kyamara ta Bell & Howell da ya saya a kasuwar gwanjo. Sai an murɗa mata ƙarfe kamar agogon da, ta yi aiki na daƙiƙa ashirin da 'yan kai, ta tsaya. Ba ta ɗaukar sauti ko kaɗan. Tun tafiya ba ta yi nisa ba mariƙinta mai ƙafa uku ya salwanta, dole ya riƙe ta a hannu, abin da masana fim na lokacin suke ɗauka aikin ɗan koyo ne. Wannan rashi ya zame masa hanya. Mai kyamara a hannu yana iya shiga cikin taro, ya durƙusa kusa da mai goge, ya bi mai rawa duk inda ya juya.

A yankin Ayoru ya ɗauki farautar dorina da wasan holle da ake yi kafin a fita, don neman izinin Harakoi Dikko, wadda masu al'adar suke ɗauka uwar kogi ce. Da ya koma Faris ya sayar wa kamfanin Actualités françaises. Suka yanka fim ɗin yadda suke so, suka ɗauke wasan holle daga farko suka mai da shi ƙarshe don ya fi tayar da hankali, suka cusa hotunan namun daji da ba na wurin ba, suka ɗora kiɗan da bai da alaƙa da bakin Kwara, da muryar mai sharhi da ke zuzuta abin. Suka sa masa suna Au pays des mages noirs, wato a ƙasar bokayen baƙar fata, ya fito a 1947. Rouch ya ji kunyar fim ɗin har tsufansa. Darasin da ya ɗauka shi ne, wanda ya riƙe sauti da almakashi shi ke da labarin.

A 1948 da 1949 ya zagaya ƙasar Songai a kan doki, ya ɗauki fim a Wanzarbe da Hombori da Firgun. Na Firgun, wanda ya nuna yadda ake girka mace a holle, ya ci kyauta a bikin fina-finai na Biarritz a 1949, a ƙarƙashin jagorancin Jean Cocteau. A tafiyar 1950 zuwa 1951 ce ya fara zuwa da na'urar ɗaukar murya ta tafi-da-gidanka, tare da Roger Rosfelder. Daga nan aka fara samun ainihin kukan goge, da amon ƙwaryar da ake kifawa a kan rami a buga da tsinkaye, da kirarin da Sorko ke yi wa Dongo, a kan zaren da za a iya ajiyewa. Sautin bai tafiya daidai da hoto tukuna, sai an koma ɗakin haɗawa a dinga gwadawa. A wannan tafiya ya ɗauki Yenendi, bikin roƙon ruwa na garin Simiri, ya kuma sake ɗaukar farautar dorina a fim ɗin Bataille sur le grand fleuve.

Daren Ayoru, 1954

A 1952 ya kammala digirinsa na dakta a kan addini da tsafin Songai. Ya kai wa mutanen da ya yi rubutu a kansu littattafansa, amma littafin Faransanci ba ya cewa komai ga masunci. Sai a farkon 1954 ya zo Ayoru da majigi da janareto don ya nuna masu Bataille sur le grand fleuve, aka rataya farin zane a bango, aka jira duhu.

Da farko, in ji shi, mutane injin suka zuba wa ido. Da hoto ya fito suka gane garinsu da jiragensu, sai wuri ya yi tsit. Da aka nuna waɗanda suka rasu a tsakanin shekarun, sai kuka ya tashi. Aka sake nuna fim ɗin, aka kuma sakewa. Da mamaki ya lafa, sai gyara ya fara. A wurin da masunta ke bin dorina da zago, Rouch ya ɗora wani taken mafarauta da ya ɗauka da goge, taken gaske na ƙasar, ba na aro ba. Yana ganin ya kyauta, tunda ya guje wa laifin da kamfanin Faris ya yi masa. Masuntan suka ce sam. Farautar dorina shiru ake yin ta. Dorina tana ji a ƙarƙashin ruwa, kuma take irin wannan ƙarfin zuciya yake bayarwa, in ta ji shi ita za ta samu ƙarfin, ta tsere.

A ganina duk tarihin mutumin nan a wannan dare ya juya. Shi ya ɗauki kiɗa abin ƙawata hoto ne, yadda aka saba a silima. Su kuwa sun san kowane take da mai shi, da lokacinsa, da abin da yake jawowa. Bahaushe ba zai yi mamakin wannan ba. Wanda ya san taken 'yan tauri ya san ba a kaɗa shi a inda ba a shirya ganin wuƙa ba, kuma ba a busa kakaki don wanda ba sarki ba. Abin yabo ga Rouch shi ne bai ce masu ba su san fim ba. Ya karɓi gyaran, ya bar ɗora kiɗa a inda ba a yi kiɗa ba a fina-finansa na al'ada, ya kuma mai da nuna wa mutane hotonsu wani sashe na aikin kansa, abin da daga baya ya kira ilimin ɗan Adam na tarayya.

Daren bai ƙare ba sai da ya haifi fim biyu. Wani maharbi mai suna Tahiru Koro ya ce masa in dorina ta burge shi, ya zo ya ga yadda suke farautar zaki da kwari da baka. Wannan ya zama La Chasse au lion à l'arc, wanda ya ci shekara bakwai ana ɗauka, ya samu kyauta a Venis a 1965. Damure kuma, da ya ga kansa a zane, ya ce su yi fim na wasa. Suka kama hanyar Gwalkwas, ƙasar Gana ta yau, shi da Lam Ibrahim Diya, Bafulatani makiyayi, da Illo Gaudel masunci, suna kwaikwayon 'yan ci-rani. Fim ɗin Jaguar ke nan, wanda bai fito ba sai 1967, bayan su Damure sun zauna gaban hoton sun yi ta zuba surutu an ɗauka an ɗora.

Hauka, daga Filinge zuwa Akra

A nan sai mun koma baya kaɗan. Wajen 1925, a ƙasar Kurfai ta yankin Filinge, inda ake jin Hausa, wasu sababbin iskoki suka bayyana a wasan bori, ta kan wata mata da ake kira Shibo. Waɗanda suka hau kansu suna tafiya irin ta soja, suna sara wa juna, suna kwaikwayon gwamna da kwamanda da likita. Zabarmawa suka kira su Hauka, a ƙasar Arewa ta Dogon Dutsi kuma Babule. Abin ya zo daidai da lokacin da talakawa ke ƙin sarakunan da Faransawa suka naɗa masu, don haka hukuma ta ɗauke shi tawaye. Kwamandan Yamai, Croccichia, ya kama su ya kulle. Masu al'adar suna cewa ba a daɗe ba shi ma ya zama ɗaya daga cikin iskokin, ana ce masa Kwamanda Mugu. Kamun yana cikin takardun mulkin mallaka, zamansa iska kuwa zancen masu bori ne.

'Yan ci-rani suka tafi da Hauka Gwalkwas. A can Rouch ya same su a 1954, yana binciken ƙaurar mutanen Nijar zuwa Akra da Kumasi. Su da kansu suka gayyace shi taronsu na shekara a wata gona a bayan Akra, a watan Agusta. Damure da Lam suka riƙe na'urar murya. Abin da kyamara ta ɗauka yana da wuyar kallo: mai goge yana ja, mutane suna faɗuwa, idanu sun juye, kumfa na zuba a baki, ga bindigogin katako, ga gunkin gwamna ana fasa masa ƙwai a ka, ga kare an yanka ana ci. Washegari Rouch ya bi mutanen nan ya ɗauke su a wuraren aikinsu, lafiya lau, suna murmushi, wasu a kasuwa, wasu suna haƙar ramin famfo.

Da aka nuna fim ɗin, Les Maîtres fous, a Musée de l'Homme, malaminsa Griaule ya ce a lalata shi. Ɗaliban Afirka da ke wurin suka fusata, suka ce zai ƙara wa Turawa raina baƙar fata. Hukumar Ingila ta hana nuna shi a Gwalkwas, don ta ga da ita ake. Rouch ya ƙi lalata shi, fim ɗin kuma ya ci kyauta a Venis a 1957. Har yau ba a gama gardama a kansa ba, kuma ni ban ga laifin ɗaliban nan ba. Bature da bai taɓa jin sunan Filinge ba, bai san aikin tilas ba, abin da zai gani kumfa ce da jinin kare. Fim ɗin bai ba shi tarihin 1925 yadda zai fahimci abin da ya haifi wannan fushi ba. Duk da haka, ba don shi ba, da abin da ya rage mana na Hauka na wancan zamani rahoton 'yan mulkin mallaka ne kawai.

Masu ba da labari sun karɓi kyamara, 1957 zuwa 1969

A Abijan, a unguwar Treichville, ya haɗu da Umaru Ganda, ɗan Yamai da ya yi wa Faransa yaƙi a Indocin, ya dawo yana dako a tashar jiragen ruwa. Shi ne jigon Moi, un Noir, wanda ya samu kyautar Louis Delluc ta 1958. Muryar Umaru ce ke ɗauke da fim ɗin, yana faɗin talaucinsa da burinsa da yaƙin da ya gani. Matasan masu fim na Faransa, irin su Jean-Luc Godard, sun ɗauki darasi a nan. A 1960 Rouch da Edgar Morin suka juya kyamara kan mutanen Faris a Chronique d'un été, da sabuwar kyamara marar nauyi da na'urar Nagra, inda hoto da murya suka fara tafiya tare a hannun mutum biyu masu yawo a titi.

Ba kowa ya gamsu ba. A wata tattaunawa a 1965, Usman Sembene na Senegal ya faɗa masa ido da ido cewa masana irinsa suna kallon 'yan Afirka yadda ake kallon ƙwari. Akwai kuma wani gibi da mai karatu Musulmi zai lura da shi nan da nan. Mafi yawan Zabarmawa da Songai Musulmi ne, amma wanda ya san Nijar ta fina-finan Rouch kaɗai zai zaci holle ne addinin ƙasar. Masallaci da makarantar allo da malamai ba su ja hankalin kyamararsa ba. Abin da ya ɗauka gaskiya ne, amma yanki ne na gaskiyar.

Amsa mafi ƙarfi ga sukar Sembene daga Yamai ta fito. A cibiyar bincike da Rouch ke aiki da ita, wadda daga baya ta zama IRSH, matasa suka koyi sana'ar. Mustafa Alasan ya yi Aouré a 1962, ya zama cikin na farko da suka yi fim ɗin zane mai motsi a Afirka ta Yamma. Umaru Ganda ya ba da labarin sojan Indocin da kansa a Cabascabo, sannan fim ɗinsa Le Wazzou polygame ya ɗauki babbar kyautar FESPACO ta farko a Wagadugu a 1972. Musa Hamidu ya zama mai ɗaukar sauti, kuma yawancin kiɗan Nijar da ke cikin fina-finan Rouch daga shekarun 1960 kunnensa da hannunsa ne suka kama shi. Ya kamata a riƙa ambaton sunansa duk inda aka ambaci na Rouch.

Gangunan Simiri, 1971

Da na'ura ta ba da damar haɗa hoto da sauti, Rouch ya koma kan kiɗa gadan-gadan. Tare da masanin kiɗa Gilbert Rouget ya yi Batteries dogon a 1966, don a ga hannun makaɗi a ji bugunsa a lokaci guda. Daga 1967 zuwa 1973, shi da Germaine Dieterlen suka bi bikin Sigi na Dogon, wanda ake yi sau ɗaya a shekara sittin, yana tashi daga ƙauye zuwa ƙauye har shekara bakwai. Na gaba zai kama a 2027.

Amma fim ɗin da na fi so a san shi gajere ne, bai wuce minti goma ba. A watan Maris na 1971 mutanen Simiri, a Zarmaganda, suka shirya holle don neman tsari daga fārin da ke cinye masu amfanin gona. Aka fito da tsofaffin ganguna biyu, turu da bitti, waɗanda ba kasafai ake kaɗa su ba. Kwana uku ana kiɗa ba wanda iska ta hau. A rana ta huɗu, da la'asar sakaliya, Rouch ya ce wa Musa Hamidu su ɗauki gangunan ko ba komai, tunda wataƙila ba za a daɗe ana jin su ba. Ya saɓa kyamara a kafaɗa, ya shigo ta bakin gari yana tafe, ya wuce garken awakin da aka tanada don yanka, ya wuce wani dattijo da ke kai-kawo a fili, ya isa gaban makaɗa. Yana kansu sai kiɗa ya tsaya. Mai goge ya gaji. A ƙa'ida nan ne zai kashe kyamara, amma bai kashe ba. Mai goge ya ga haka ya sake ja, ganguna suka amsa, sai ihu ya tashi, dattijon nan ya faɗi ya tashi da muryar Kure, iskan da masu holle ke dangantawa da Hausawa mahauta. Duk wannan a ɗauka guda, ba yanka, har zaren fim ya kusa ƙarewa, Rouch ya ja da baya ya nuna yaran gari suna kallo.

Rouch ya yi imani cewa ci gaba da ɗaukar da ya yi shi ya jawo hawan, har ya ce shi ma a lokacin ba ya cikin hayyacinsa na kullum. Wannan fassararsa ce. Abin da kowa zai iya tabbatarwa da idonsa da kunnensa a wannan fim, Tourou et Bitti, shi ne yadda ake riƙe waɗannan ganguna, da yadda suke amsa wa goge, da wurin zaman kowane makaɗi, da abin da kiɗan ke yi wa taro. Rubutu ba ya iya adana wannan, faifan murya kaɗai ma ba ya iyawa.

Shekarun fari da na tsufa

Farin da ya addabi Sahel daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa 1974 ya same shi yana komawa Simiri da Gangel yana ɗaukar Yenendi shekara bayan shekara, har fina-finan suka zama tarihin yadda gari ke roƙon ruwa ruwa na ƙi. A gefe guda shi da Damure da Lam da Tallu Muzuran suka ci gaba da fina-finan ban dariya, irin su Petit à petit da Cocorico Monsieur Poulet na 1974. A 1976 ya yi Babatu a kan labarin da Bubu Hama ya bayar na mayaƙan Zabarmawa a ƙasar Gurunsi, aka kai shi gasar Cannes da sunan Nijar. Labarin waɗannan yaƙe-yaƙe, abin sha'awa, da Hausar ajami wani Malam Abu ya fara rubuta shi a farkon ƙarni na 20. Daga 1987 zuwa 1991 Rouch ya shugabanci gidan adana fina-finai na Cinémathèque française. Fina-finansa sun haura 100, da yawa ba a gama haɗa su ba.

Ba shi kaɗai ya yi irin wannan aiki a yankinmu ba. David Ames na Amurka ya ɗauki kiɗan Hausa a Zariya a farkon shekarun 1960, shi da Anthony King suka fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971. A nan Maiduguri, daga ƙarshen shekarun 1980, jami'a ta yi shirin adana kiɗan Borno tare da masana daga Jamus, cikinsu har da Raimund Vogels, aka ɗauki ganga da algaita da waƙoƙin ƙabilun jihar a kaset da bidiyo. Yau a unguwar Wulari, in ana biki, wayoyi ashirin ne a sama suna ɗaukar makaɗi, abin da Rouch ya yi shekaru yana jiran na'urar da za ta yi masa. Sai dai da wuya a samu mai tambayar makaɗin sunan taken, da wanda ya koya masa, da wanda aka yi taken dominsa, kuma in waya ta lalace shi ke nan. Bayan rikicin da Borno ta gani tun 2009, da garuruwan da aka tashe su, makaɗansu suka watse, kaset ɗin da aka ɗauka a ƙauyukan nan kafin rikici ya wuce kayan bincike, ya zama gadon mutanen da ke zaune a Maiduguri yanzu. Hakkinsu ne a kunna masu shi su ji, su kuma gyara abin da aka rubuta a kansa, yadda masuntan Ayoru suka yi.

Hanyar Tawa, 2004

A watan Fabrairu na 2004 Rouch ya zo Nijar don wani bikin nuna fina-finan ƙasar, yana da shekara 86. Daren 18 ga wata, a kan hanyar Tawa, kusa da Birnin Ƙonni, motar da yake ciki ta yi karo da wata babbar mota, ya rasu. A cikin motar akwai matarsa Jocelyne, da Mustafa Alasan, da Damure Zika, abokinsa na shekara sittin da biyu, su kuma suka tsira da raunuka. An binne shi a Yamai. Aka sa wa cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar da ke birnin sunansa.

Damure ya rasu a 2009, Mustafa Alasan a 2015. Asalin fina-finan da zaren muryoyin da takardun Rouch mafi yawansu suna Faransa, inda aka gyara da dama daga cikinsu, musamman wajen cikarsa shekara 100 da haihuwa a 2017. Bayan juyin mulkin Yuli 2023 dangantakar Nijar da Faransa ta lalace, cibiyar al'adun ta daina aiki a matsayin ta ƙasashen biyu. A watan Oktoba na 2024 hukumomin Yamai suka canja sunayen wasu tituna da wurare masu alaƙa da Faransa, aka cire sunan Jean Rouch daga cibiyar, aka sa na Mustafa Alasan.